Filin Tambayoyin Masu Karatu: Taswirar da Ba Ta San Unguwannin Maraɗi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wani ƙaramin kamfani da ke kai wa mutane kaya har gida a nan Maraɗi, kuma ni aka ɗora wa kula da kwamfutoci. Mun gina taswira a shafin intanet da Leaflet, manhajar nuna taswira a shafi, bayananmu kuma suna cikin rumbun bayanai na PostgreSQL tare da PostGIS, ƙarin da ke ba shi damar adana wurare na taswira. Taswirar tana fitowa lafiya lau, amma akwatin nema ya zame mana ƙarfen ƙafa. Idan ma'aikaci ya rubuta Zariya sai ta tsallaka da shi Najeriya, idan kuma ya rubuta Ɗan Gulbi sai ta ce babu, alhali unguwar tana cikin rumbunmu. Ina gyaran yake? Daga mai karatu a unguwar Bagalam.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsaloli biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma kowace da tushenta.

Tsallakawar da taswirar take yi zuwa Najeriya alama ce ta cewa akwatin neman ba ya tambayar rumbunku ko kaɗan. Da yawa daga cikin ƙananan manhajojin nema da ake liƙa wa Leaflet suna zuwa ne a saite da Nominatim, wato injin neman wurare na OpenStreetMap, taswirar duniya da masu aikin sa kai suke ginawa, shi kuwa duniya baki ɗaya yake dubawa, yana fifita wurin da ya fi girma da shahara. Birnin Zariya na jihar Kaduna ya fi unguwar Zariya ta Maraɗi nauyi a ma'auninsa, haka ma Sabon Gari, wanda akwai shi a Kano da Zariya da wasu garuruwa masu yawa. Kana iya rage wannan ɓatan kai idan ka ƙara countrycodes=ne a cikin buƙatar da ake aika masa, ka kuma lura cewa ne ita ce alamar Nijar, ng kuwa ta Najeriya, sannan ka shata masa iyakar birnin da viewbox tare da bounded=1. Sai dai wannan rage zafi ne kawai. Ƙa'idar amfani da sabar Nominatim ta kyauta ba ta yarda a wuce buƙata ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya ba, ta kuma hana irin neman da ke kawo shawarwari tun mutum yana cikin rubutu, wanda shi ne ainihin abin da ma'aikatanku suke so. Ban da haka, abin da masu aikin sa kai suka shigar a OpenStreetMap kaɗai ya sani, ba shi da labarin shagunan abokan cinikinku. Shawarata ita ce ku mayar da neman gida, akwatin ya riƙa tambayar rumbunku.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na umarni, ka tsaya ka dubi yadda adireshi yake a garinmu. Injunan nema na ƙasashen Turai an gina su ne a kan lambar gida da sunan titi da lambar gidan waya. Maraɗi kuwa, duk da cewa titunanta a miƙe suke tun da aka hau da garin tudu bayan ambaliyar gulbi ta 1945, ba da sunan titi ake kwatance ba. Mai kabu-kabu unguwa ake faɗa masa, sannan masallaci ko lakwal ko farmasi ko gidan mai, sannan a ce bayansa, ko kwana ta biyu hannun dama. Saboda haka rumbun da zai yi muku amfani shi ne wanda ya tara unguwanni da waɗannan wuraren kwatance, ya ba kowanne matsayinsa a taswira. Duk ƙwarewar da ka zuba a manhaja, idan wannan tarin sunaye bai cika ba, akwatin zai ci gaba da cewa babu.

Ka yi jadawali biyu. Na farko na wurare ne, layi ɗaya ga kowane wuri, da gurbin lambar shaida, da sunan da kake son a nuna wa mai nema, da nau'in wurin, da unguwarsa, da gundumarsa daga cikin gundumomi uku na birnin, da siffarsa a taswira, da kuma wata lamba da za ta nuna muhimmancinsa, ta yadda babbar kasuwa za ta riga ƙaramin shago fitowa. Na biyu na sunaye ne, inda wuri guda yake iya mallakar layuka biyar ko fiye: sunansa a takardun hukuma, da sunan da jama'a suke kiransa da shi, da tsohon sunansa, da rubutunsa na Hausa, da rubutunsa irin na Faransanci. OpenStreetMap ma haka take yi, tana da name:ha da name:fr da alt_name da loc_name da old_name, kuma idan ka ɗebo bayanan Maraɗi daga can domin somawa, ka taho da waɗannan gurabe duka, ka kuma rubuta a gindin taswirarka cewa daga wurinsu ka samo, domin lasisinsu na ODbL ya wajabta hakan.

Nan muka zo ga Ɗan Gulbi, wanda ko kun mayar da neman gida ba lallai ya fito ba. Ina da yaƙinin cewa a rumbunku Dan Goulbi aka rubuta, kamar yadda yake a takardun hukuma, ma'aikacinka kuma ya rubuta da ƙa'idar Hausa, ita kuwa kwamfuta harafi da harafi take gwadawa. Ɗ ba D ba ce a wurinta, u kuma ba ou ba ce. Kusan kowane suna a jiharmu yana da fuska biyu irin wannan: Limantchi da Limanci, Guidan Roumdji da Gidan Rumji, Tessaoua da Tasawa, har shi kansa Maradi da Maraɗi. Maganin shi ne ka rubuta ƙaramin aiki guda a cikin rumbun wanda zai daidaita kowane suna zuwa siffa ɗaya, ka adana sakamakon a gurbi na musamman cikin jadawalin sunaye. Aikin zai mayar da manyan haruffa ƙanana, ya cire alamomin da Faransanci yake ɗora wa wasula kamar na Aguié, ya mayar da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ zuwa k da d da b da y, ya share ƴar waƙafin sama da wasu suke sa wa maimakon lanƙwasa, sannan ya juya rubutun Faransanci zuwa na Hausa: tch ta koma c, dj ta koma j, gui ta koma gi, aoua ta koma awa, ou ta koma u. Jerin yana da muhimmanci, domin idan ka fara juya ou kafin aoua, Tessaoua za ta zama tessaua, ka rasa w ɗin da kake nema.

Game da haruffa masu lanƙwasa akwai tarko da ya kamata ka sani. Dabarar da masu shirya manhaja suka saba da ita ta cire alamar wasali tana aiki ne saboda a tsarin Unicode ana iya raba é gida biyu, e da alamarta, a jefar da alamar. Ƙ da Ɗ da Ɓ da Ƴ ba sa rabuwa haka, kowanne harafi ne mai zaman kansa. Don haka kada ka ɗauka an gama da su, ka lissafa su da hannunka, manya da ƙanana, a cikin aikin translate na PostgreSQL, ka gwada ka gani da idonka. Shi kuma unaccent, wanda zai cire maka alamomin Faransanci, PostgreSQL ba ta yarda a gina fihirisa, wato jerin da ke hanzarta nema, kai tsaye a kansa ba, saboda ba ta ɗauke shi aikin da sakamakonsa ba ya taɓa canzawa ba. Wannan ne ya sa na ce ka adana sunan da aka daidaita a gurbinsa, ka gina fihirisar a kan gurbin.

Sharaɗin da duk wannan ya rataya a kansa shi ne aiki guda ɗin nan ya daidaita abin da aka adana, shi ɗin dai ya daidaita abin da mai nema ya rubuta. Mai saye da mai sayarwa da tiya ɗaya ya kamata su yi awo. Idan ka daidaita rumbun da aikin SQL, harshen da ake ba rumbu umarni da shi, sannan ka sake rubuta wani makamancinsa da JavaScript a burauza, wata rana za ka gyara ɗaya ka manta da ɗayan, sunayen da ake samu jiya su ɓace yau, kuma babu saƙon kuskure da zai nuna maka dalili.

Daidaitawa ba za ta kama kuskuren yatsa ba, kuma mai rubutu a waya yana bisa babur sai ya yi kuskure. A nan pg_trgm yake shigowa, wani ƙari ne da ke zuwa tare da PostgreSQL, kunna shi kawai ake yi. Yana yanka kalma gutsure-gutsure masu haruffa uku-uku, bayan ya ƙara mata sarari biyu a farko da ɗaya a ƙarshe, sannan ya auna kamannin kalmomi biyu ta hanyar raba adadin gutsuren da suka yi tarayya a kai da jimillar gutsurensu. Gulbi tana ba da gutsure 6, goulbi tana ba da 7, sun haɗu a kan 4, jimillarsu ba tare da maimaici ba 9, kamanninsu ke nan 0.44. Iyakar da pg_trgm yake zuwa da ita, wato mafi ƙarancin kamannin da yake karɓa, 0.3 ce, saboda haka waɗannan za su gane juna ko ba a daidaita su ba. Amma gwada tasawa da tessaoua: gutsure ɗaya tak suka haɗu a kai daga cikin 15, wato ƙasa da 0.07, ba za su taɓa haɗuwa ba. Idan aikin daidaitawa ya mayar da ita tessawa, sai su haɗu a kan 4 daga cikin 11, wato 0.36, ta tsallake da ƙyar. Wannan lissafi ya isa ya nuna maka cewa dabarun biyu tare suke tafiya, sunan da ya yi nisa ƙwarai kuma sai an shigar da shi da hannu a jadawalin sunaye. Kada ka ce za ka sauke iyakar zuwa 0.1 domin ka huta, akwatin zai cika da shirme. Soundex da metaphone kuwa, masu gwada kalmomi bisa yadda ake furta su, ka bar su inda suke, an gina su ne a kan lafazin Ingilishi, kuma ba sa jituwa sosai da haruffan da suka wuce na Ingilishi.

Ka gina fihirisa irin GIN da gin_trgm_ops a kan gurbin da aka daidaita. Idan sunayenka dogaye ne, mai nema kuma kalma ɗaya yake rubutawa, word_similarity ya fi similarity dacewa, domin yana neman sashen sunan da ya fi kama da abin da aka rubuta. Yana nan tun PostgreSQL 9.6 ta 2016, iyakarsa ta asali kuma 0.6 ce. Wajen jera sakamako, wanda ya yi daidai cif ya zo farko, sai wanda ya fara da haruffan da aka rubuta, sai sauran bisa kamanni da muhimmanci. Idan an yi kunnen doki, wanda ya fi kusa da tsakiyar taswirar da mutum yake kallo ya riga. Sakamako goma sun isa. Kowanne ya fito tare da unguwarsa, domin masallacin Juma'a ba ɗaya ba ne a Maraɗi, kuma jerin sunaye iri ɗaya ba tare da unguwa ba bai amfani kowa ba.

Saura haɗin da ke tsakanin shafin da rumbun. Burauza ba ta magana da rumbu kai tsaye, ƙaramar manhaja ce a sabar take karɓar rubutun, ta miƙa wa rumbun, ta dawo da amsa a tsarin GeoJSON, tsarin rubuta bayanan taswira. Rubutun mai nema a miƙa shi a matsayin ƙima ta dabam, kada a manna shi cikin jimlar SQL, in ba haka ba mugu yana iya rubuta umarni a akwatin nema ya kwashe ko ya share bayananku. Mu ma da ba mugaye ba, waƙafin saman da ke cikin Juma'a kaɗai ya isa ya karya jimlar da aka manna haka. Asusun da manhajar take shiga rumbun da shi kuma ya zama mai izinin karantawa kawai, a kan waɗannan jadawalai biyu kawai. A ɓangaren burauza, kada a aika komai sai an rubuta haruffa uku, a kuma jira kamar sulusin daƙiƙa bayan yatsa ya tsaya, a yi watsi da amsar tsohuwar buƙata idan ta iso bayan sabuwa. Inda rezo yake hawa yana sauka, wannan na ƙarshen yana faruwa fiye da yadda kake zato.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aiki da wata ƙungiya da ke tattara bayanan rijiyoyi da ɗakunan shan magani a ƙauyukan Madarumfa da Tibiri. Muna shirya taswira a manhajar QGIS mu wallafa ta a intanet da manhajar Lizmap. Neman yana samo sunan ƙauyen, amma da na latsa sai alamar ta faɗa Kamaru, wasu kuma cikin teku. Sannan ƙauyukan da muka ƙara kwanan nan ba sa fitowa sam. Daga wata mai karatu a unguwar Mokoyo.

Amsa: Barka kadai, Malama. Inda alamar ta faɗa shi yake tona asirin kuskuren. Maraɗi tana kusan digiri 13.5 arewa da 7.1 gabas. Idan lambobin suka yi musayar wuri, sai a sami 7.1 arewa da 13.5 gabas, wannan kuwa yankin Adamawa ne na Kamaru, kusa da Ngaundare. Musayar tana da sauƙin aukuwa, domin a baki da a fuskar waya lambar arewa ake fara faɗa, amma PostGIS da GeoJSON lambar gabas suke sa wa a gaba, Leaflet kuma a nasa umarnin ta arewa yake farawa da ita. Ki duba yadda aka shigo da bayanan daga wayoyin masu tattarawa, musamman idan ta takardar lissafi suka biyo: gurbin x na lambar gabas ne, gurbin y na lambar arewa. Idan an riga an shigar da su a juye, ST_FlipCoordinates zai mayar da su daidai, amma ki tace tukuna, ki taɓa layukan da suka juye kaɗai. A yankinku gane su ba wuya, duk layin da lambarsa ta farko ta wuce 12 a juye yake.

Waɗanda suka faɗa teku ciwonsu dabam ne. An ɗauki digiri a matsayin mita. Tsarin EPSG:4326 da digiri yake aiki, shi ne wanda GPS take bayarwa, tsarin EPSG:3857 kuma da mita, shi ne na hotunan taswirar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi. Idan aka ce wa rumbun lambobin 7.1 da 13.5 na tsari na biyu ne, zai ajiye ƙauyen mita kaɗan daga mahaɗar layin sifiri da sifiri, a tekun Gini kudu da Gana. Mafarin wannan galibi shi ne rikita ST_SetSRID da ST_Transform. Na farko laƙabi kawai yake liƙa wa lambobi, ba ya taɓa su. Na biyu shi ne yake lissafi ya juya su daga tsari zuwa tsari, kuma ba zai yi daidai ba sai laƙabin farko ya zama gaskiya. Idan kuna da bayanan masu awon filaye, mai yiwuwa a tsarin UTM suke, Maraɗi kuma tana shiyya ta 32 ta arewa, wato EPSG:32632, wadda ta kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas. Yamai tana shiyya ta 31, saboda haka fayil ɗin da aka shirya a can yana iya zuwa da laƙabin da ba naku ba, ya ture komai ɗaruruwan kilomita zuwa yamma.

Batun sababbin ƙauyuka kuwa, Lizmap yana karanta nemansa ne daga wani jadawali ko madubin jadawali mai suna lizmap_search, mai gurabe item_layer da item_label da item_filter da item_project da geom. Yawanci ana yin sa ne a matsayin madubi mai adana sakamako domin sauri, irin wannan kuwa hoton bayanai ne na ranar da aka gina shi, ba ya sabunta kansa. Sai an ba shi umarnin REFRESH MATERIALIZED VIEW. Ki sa a riƙa gudanar da shi kowane dare, ko duk lokacin da aka gama shigar da bayanai. Idan ba kya son nema ya tsaya yayin sabuntawar, ki ƙara CONCURRENTLY, amma wannan yana buƙatar fihirisar da ke tabbatar da cewa babu layi biyu iri ɗaya. A item_label ki haɗa sunan ƙauye da na ƙaramar hukumarsa, ki kuma sa rubutun Hausa da na Faransanci tare, tun da ƙauyuka masu farawa da Gidan ko Garin ko Ɗan ba su da iyaka a wannan yanki. Ga wuri mai faɗi kuma, kamar unguwa ko fadama da ta bi lanƙwasar gulbi, ki yi amfani da ST_PointOnSurface wajen dasa alama, domin ST_Centroid yana iya faɗawa wajen iyakar siffar da ta lanƙwashe.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ina shirya wa wani ɗan kasuwa irin wannan taswira. Ya ce in sa sunayen abokan cinikinsa da lambobin wayarsu a cikin nema, tun da gidajen ba su da lamba. Ya dace?

Amsa: Ƙanena, a akwatin da kowa yake iya buɗewa bai dace ba. Duk wanda ya rubuta haruffa uku zai ga sunan mutum da ƙofar gidansa, mai haƙuri kuma yana iya bin haruffa ɗaya bayan ɗaya ya kwashe jerin duka. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai lura da ita, kuma suna da waya da matsayin gida duk suna cikin abin da ake karewa. Ka raba neman gida biyu. Na fili ya ƙunshi unguwanni da wuraren kwatance. Na abokan ciniki ya kasance sai an shiga da kalmar sirri, a jadawali dabam da asusun rumbu dabam, kuma tacewar ta gudana a sabar, ba a burauza ba, domin abin da ya riga ya iso burauza ya fita daga hannunka ko da ba a nuna shi a fuska ba.

Gidan da ba shi da lamba kana iya ba shi Plus Code, tsarin da Google ta fitar a buɗe, wanda ake lissafa shi daga lambobin arewa da gabas ba tare da an tambayi wata sabar ba. Mai alamomi goma yana nuna fili mai kusan mita 14 a kowane gefe, ya isa a gane ƙofa a yawancin unguwanni, kuma ana iya aika shi ta saƙon waya. Manhajarka ta fara duba ko abin da aka rubuta yana da alamar tarawa irin ta wannan tsari, idan yana da ita ta warware shi kai tsaye, idan babu ta wuce da shi jadawalin sunaye. Ka ƙara masa gurbin kwatance da mai kai kaya zai cika a ranar da ya fara zuwa gidan.

Ka kuma sa manhajar ta riƙa adana duk rubutun da aka nema a akwatin fili bai dawo da komai ba, ba tare da sunan wanda ya nema ba. A ƙarshen kowane mako ka zauna da masu kai kayan ku bi jerin, su faɗa maka wane wuri ake nufi da kowane suna, ka shigar da shi a jadawalin sunaye a ƙarƙashin lambar wurin. Wanda babu wurinsa a rumbun gaba ɗaya, a ɗauko matsayinsa da waya ta manhajar QField ko KoboCollect, a tsaya a fili har GPS ta natsu kafin a adana, kuma lambobi biyar bayan ɗigo sun wadatar, domin na biyar ɗin kusan mita ɗaya yake wakilta.